Lambar shasi: yadda ake karanta ta kafin a biya kuɗin motar hannu

Mota za a iya wanke ta, a yi mata sabon fenti, a mayar da mitar tafiyarta baya, a canja mata fitilu da bamba har ta yi kama da wadda ta fito shekara biyar bayanta. Duk wannan aikin 'yan kwanaki ne a wajen ƙwararren fanalbita. Abin da ke ba masu ha'inci wahala shi ne lambar shasi, wadda takardun waje ke rubutawa VIN, don ba a wuri ɗaya take ba. Tana jikin ƙarfe, tana kan sitika, tana cikin kwamfutar motar, tana takardun kwastan, tana kuma rumbun bayanan ƙasar da motar ta fito. Wanda ya taɓa ta a wuri ɗaya sai ya bi sauran duka ya gyara, kuma da wuya ya gama bai bar ɓaraka ba.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne nan: dillali ya turo hoton lamba ta WhatsApp, a duba a intanet, rahoto ya fito fes, a tura kafin alƙalami. Wannan rahoton na lambar ne. Bai zama na motar da ke gabanka ba sai ka tabbatar da idonka cewa lambar tata ce. Saboda haka jikin mota ake fara dubawa, sannan intanet, sannan takardu.

Nemo lambar a jikin mota

Ka je da rana tsaka, ba da magariba ba. Ka riƙe tocila mai haske sosai, tsumma, ɗan kananzir don goge maiƙo, biro da takarda, da waya mai caji. Ka tafi da makanikenka, ba na dillali ba, ya zo da na'urar sikanin.

Wuri na farko shi ne ƙasan gilashin gaba, gefen direba. Ka tsaya a waje ka leƙa, za ka ga ɗan ƙaramin faranti a kan dashbod. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka ko Kanada tana da shi. Ka kwafe lambar da hannunka a takarda, ka ƙirga: dole ta cika 17, haruffa da alƙaluma a haɗe. Wannan tsari ya zama doka a Amurka tun daga motocin ƙirar 1981.

Na biyu, ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai, ko gefen ƙofar kanta. Akwai sitika ta kamfani mai ɗauke da lambar, da wata da shekarar da aka ƙera motar, da nauyin da za ta iya ɗauka. A motocin Toyota, a ƙasan wannan sitika akwai wurin da aka rubuta C/TR, wato lambar launin fenti da ta kayan ciki. Ka kwafe su ma, za su yi amfani.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa don sai an durƙusa: lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar kansa. Wurinta ya danganta da ƙira. A wasu tana bangon ƙarfen da ya raba injin da ɗakin mota, sai ka ɗaga bonet. A Toyota da yawa na baya-bayan nan, da Marsandi, tana ƙasan kujerar gaba ta hannun dama, akwai ɗan yankakken kafet da ake ɗagawa. Motoci masu firam daban, irin su Prado da Land Cruiser, tana kan ƙarfen firam ta gefen dama, kusa da tayar gaba. Sai ka karya sitiyari ka goge taɓo kafin ta fito. Volkswagen kuma tana ƙara wata sitika a cikin but, kusa da ramin safaya.

Na huɗu, ƙananan sitika a jikin sassa. Dokar Amurka ta hana satar motoci ta sa kamfanoni liƙa lambar shasi a manyan sassan motoci da yawa: bonet, ƙofofi, fenda, bamba, murfin but. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar da ba ta da sitika alhali sauran ukun suna da ita, an canja ta ko an yi mata fenti. Wadda ke ɗauke da wata lamba daban, daga wata motar aka ciro ta. Idan ka ga an rubuta R da DOT, sabon sashe ne da aka saya aka maye gurbin na asali. Wannan ba laifi ba ne, amma yana gaya maka wane gefe ne ya taɓa buguwa, kuma ya kamata farashi ya nuna haka.

Na biyar, kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos. Idan aka jona sikana a ƙasan sitiyari, yawancin motocin Amurka daga wajen 2005 zuwa sama suna nuna lambar shasin da aka sa musu a masana'anta. Sai dai a nan a yi hattara da yanke hukunci. Canja birenbos abu ne da ake yi kullum a garejinmu, musamman bayan ruwa ya shiga ko an canja injin. Idan lambar kwamfuta ta saɓa amma ta ƙarfe da ta gilashi da ta ƙofa sun dace, tambaya ce da mai mota zai amsa. Idan kuwa ta ƙarfe ce ta saɓa da ta gilashi, babu wata tambaya, ka kama gabanka.

Wajen kwafa, a kula da haruffan da ke rikita ido: 5 da S, 8 da B, 2 da Z, 0 da D. Haruffa uku kuma ba sa shiga lambar shasi ko kaɗan: I da O da Q, saboda kamarsu da 1 da 0. Idan ka ga ɗayansu a takarda, magatakarda ne ya yi kuskure. Idan a jikin faranti ka gan shi, farantin jabu ne.

Abin da kowane gurbi yake faɗa

Bari mu ɗauki lambar misali ta Camry ƙirar 2007, wadda ake kira Muscle, mun sa 123456 a ƙarshenta don koyarwa kawai: 4T1BE46K87U123456.

Gurbi uku na farko suna nuna ƙasa da kamfani. Harafin farko shi ne ƙasar da aka harhaɗa motar: 1 da 4 da 5 Amurka ne, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya ta Kudu, L Sin, W Jamus. VF Faransa ne, SA zuwa SM Ingila. Waɗanda za ka fi cin karo da su a kasuwanninmu ba su da yawa, har ana iya haddace su. 4T1 Camry ce ta Amurka, 2T1 Corolla ta Kanada, 1NX Corolla ta Kalifoniya, 5TD Sienna ko Highlander, 2T2 Lexus RX ta Kanada, JTJ Lexus mai tudu ta Japan, JT gaba ɗaya Toyota ce ta Japan. Honda kuwa 1HG ta Amurka, 2HG ta Kanada, JHM ta Japan. WDB da WDD Marsandi ce ta Jamus, 4JG Marsandi ta Alabama irin su ML, WVW Volkswagen, VF3 Fijo, KMH Hyundai, SB1 Toyota ta Ingila kamar Avensis. Hilux kuma ko AHT ta Afirka ta Kudu ko MR0 ta Tailan. Don haka dillalin da ya rantse maka cewa Camry ɗin nan "ƙirar Japan ce" alhali lambarta ta fara da 4, ko bai sani ba ko yana so ya ƙara kuɗi.

Gurbi na 4 zuwa na 8 suna bayanin motar: irin bodi, injin, da kayan kariya. Kowane kamfani da tsarinsa, ba a haddace su, manhaja ce ke fassarawa. Amma ga abin da ya sa suke da amfani: a misalinmu, BE46K na nufin injin silinda huɗu mai lita 2.4, ita kuwa mai silinda shida BK46K take ɗauka. Idan lamba ta ce shida ka ɗaga bonet ka ga huɗu, ko an canja injin ko lambar ba ta wannan motar ba ce.

Gurbi na 11 masana'anta ce. U a Toyota na nufin Jojtawun ta jihar Kentaki. Shida na ƙarshe lambar jerin motar ce. Saura gurbi na 9 da na 10, kuma a kansu ne ya kamata a daɗe.

Gurbi na 10: shekarar ƙira

A motocin Amurka da Kanada, gurbi na 10 shi ne shekara. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne kai tsaye: 1 shi ne 2001, 7 shi ne 2007, 9 shi ne 2009. Kafin nan haruffa ne: V 1997, W 1998, X 1999, Y 2000. Daga 2010 aka koma farkon haruffa: A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024, S 2025. Ka lura an tsallake I da O da Q, kuma a wannan gurbin ba a sa U ko Z ko sifili.

Tsarin yana zagayowa duk shekara 30, wato A na iya zama 1980 ko 2010. Ido ma ya isa ya raba waɗannan, amma akwai ƙa'ida a ƙananan motocin Amurka: idan gurbi na 7 alƙalami ne, motar ta 2009 ce zuwa ƙasa, idan harafi ne, 2010 ce zuwa sama. Camry ta 2007 tana da 6 a wurin. Ta 2010 kuwa 4T1BF3EK take farawa, da E a gurbi na 7. Wanda ya goge 7 ya buga A don ya mayar da 2007 ta zama 2010, wannan gurbin kaɗai ya isa ya tona shi.

Shekarar ƙira daban take da ranar da aka ƙera mota. Sitikar ƙofa na iya cewa 09/06 alhali gurbi na 10 ya ce 2007, kuma babu matsala, don kamfanoni suna fara fitar da motocin shekara mai zuwa tun kafin shekarar ta kama. Abin da ba ya yiwuwa shi ne sitika ta ce 2006 lamba ta ce 2009.

Ƙaryar shekara a kasuwarmu fuska biyu gare ta. Wajen mai saye ana ɗaga shekarar ƙirar mota don ta yi tsada. Nan ne ake yin abin da dillalai ke kira afgired: a ɗauki Lexus RX 350 ko GX 460 ko LX 570 ko Prado ko Land Cruiser ta tsohuwar shekara, a sa mata bamba da giril da fitilun sabuwa. Aikin kansa ba haramun ba ne idan an faɗa, kuma dillalai masu gaskiya suna faɗa. Ha'incin shi ne a sayar maka da ita a farashin sabuwar. Wajen kwastan kuma ana mayar da shekarar ƙirarta baya don kuɗin fito ya ragu. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar kwastan ta Najeriya ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar shasi a 2022. Don haka kana iya samun mota ɗaya mai shekarun ƙira uku daban-daban: fuskarta ta 2016, lambarta ta 2011, takardar kwastan ɗinta ta ce 2008. Ta tsakiyar ce gaskiya, ta ƙarshen kuwa ita za ta sa a tsare ka a hanya.

Gurbi na 9: lissafin tantancewa

Wannan gurbin ba ya bayanin komai game da mota. Amsar wani lissafi ce da ake yi da sauran 16, an sa shi ne don a kama kuskuren rubutu da lambar ƙirƙira. Manhajoji suna yin lissafin nan take, amma ana iya yi da biro, kuma yana da kyau a san yadda yake.

Da farko kowane harafi ana mayar da shi alƙalami. A zuwa H su ne 1 zuwa 8. J zuwa N su ne 1 zuwa 5. P 7 ne, R 9. S zuwa Z su ne 2 zuwa 9. Alƙaluma suna nan yadda suke. Sannan kowane gurbi yana da abin da ake ninka shi da shi, a jere daga na farko zuwa na 17: 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 10, 0, 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2.

A misalinmu, 4 sau 8 ya ba da 32. T shi ne 3, sau 7, 21. 1 sau 6, 6. B shi ne 2, sau 5, 10. E shi ne 5, sau 4, 20. 4 sau 3, 12. 6 sau 2, 12. K shi ne 2, sau 10, 20. Gurbi na 9 da sifili ake ninka shi, don haka ba ya ƙara komai. Sai 7 sau 9, 63. U shi ne 4, sau 8, 32. Shida na ƙarshe kuma suka ba da 7, 12, 15, 16, 15, 12. Jimla 305. A raba da 11: sau 27 ya kai 297, saura 8. Wannan ragowar ita ce ke gurbi na 9, kuma 8 ɗin ce a lambar. Idan ragowar ta zama 10, X ake rubutawa.

Yanzu a ce wani ya mayar da 7 ta shekara ta zama 9. Jimla ta koma 323, ragowa ta koma 4, amma faranti yana nan da 8. An kama shi. Sai dai kada a ɗora wa wannan lissafi abin da ya fi ƙarfinsa. Yana kama mai ganganci ne kawai. Ɓarawon da ya kwafi lambar wata mota ta gaskiya sukutum, lissafinsa zai fita daidai.

Motocin Beljiyam da na Japan

Duk abin da aka faɗa kan gurbi na 9 da na 10 na motocin Amurka da Kanada ne. Motar da aka ƙera don Turai, irin waɗanda muke kira Beljiyam, tana da gurbi 17 ita ma, amma ba a tilasta wa kamfanoni wancan lissafin ba. Idan manhajar Amurka ta ce lambar Golf ko Fijo ba daidai ba ce, ba shaidar jabu ba ce. Volkswagen ta Turai tana cike gurabe da ZZZ, kamar WVWZZZ, kuma tana sa shekara a gurbi na 10. Marsandi ta Turai ba ta sa shekara a wurin: bayan WDB ko WDD lambar ƙira ce ke biyo baya, kamar 203 ko 204 na C-Class, gurbi na 10 kuma yana nuna gefen sitiyari ne, 1 na hagu, 2 na dama. Mutane da yawa sun ga 1 ɗin nan sun ɗauka 2001 ce. Toyota ta Turai sau da yawa sifili take sawa a gurbin.

To ta yaya za a san shekararsu? Ta takardar rajistar ƙasar da motar ta fito idan ta zo da ita, ta manhajar kayan gyara ta kamfanin, wadda manyan masu sayar da safaya-fat ke amfani da ita, da kuma ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ƙasan bel ɗin kujera, wanda a motoci da yawa yake ɗauke da shekarar da aka yi shi. A Beljiyam kanta akwai takardar Car-Pass mai nuna tarihin kilomitar mota. Idan dillali yana da ita, ka gwada lambar shasin da ke kanta da ta motar.

Motar da aka yi don cikin gidan Japan ba ta da gurbi 17 sam. Lambarta gajera ce, lambar ƙira sai ɗan layi sai lambar jeri, kamar NZE121 a Corolla. Irin wannan da sitiyarin dama aka ƙera ta. Idan ka same ta da sitiyari a hagu, juya shi aka yi, kuma ingancin birki da sitiyarin ya dogara ne ga hannun wanda ya yi aikin.

Alamun an taɓa lamba

A farantin gilashi, ka haska tocila ta gefe. Ka duba ƙusoshin da suka danne shi: su zama iri ɗaya, babu ƙarzuwa a kewayensu, babu gam da ya tsatso, farantin bai lanƙwashe ba. Wani lokaci sabon faranti ake liƙawa a kan tsohon, sai ka ga ya yi kauri ko ya ɗago. Sabon gilashin gaba a tsohuwar mota ba laifi ba ne, amma tunda sai an cire gilashi ake isa ga farantin, dalili ne na ƙara dubawa.

Sitikar ƙofa an yi ta ne yadda in an ɓanɓare ta za ta yage. Wadda gefenta ya ɗago, ko rubutunta ya yi dishi-dishi kamar na firintar shago, ko aka yi fenti ya hau kanta, abin zargi ce.

A lambar ƙarfe, injin masana'anta yana buga haruffa a layi ɗaya, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Bugun hannu yana hawa yana sauka. Ka shafa wurin da yatsa: idan ya yi kwari, an goge tsohuwar lamba da giranda. Idan fentin wurin ya fi na kewaye sheƙi, ko ya yi laushi da ka danna farce, akwai fila a ƙasa. Ƙwararru kuma ba sa goge lamba. Yanko ƙarfen suke yi gaba ɗaya daga motar da ta yi hatsari su yi waldarsa a jikin ta sata. Ta sama ba za ka ga komai ba. Sai an shiga ƙarƙashin mota ko an ɗaga kafet sosai, a nemi layin walda da ya zagaye wurin lambar kamar faci a jikin riga. Wannan dubawar ita ce dalilin zuwa da makanike.

Bin tarihin motar a intanet

Sai lambobin jiki sun dace sannan intanet ke da amfani. Ka fara da na kyauta. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, tana da shafin fassara lamba: zai ba ka kamfani, ƙira, shekara, injin, masana'anta, ya kuma gaya maka ko lissafin gurbi na 9 ya fita. A shafinta kuma ana duba ko kamfani ya yi kiran a kawo irin motar a gyara wani aibi amma ba a yi wa wannan ba. Wannan ba wasa ba ne ga masu sayen tsofaffin Accord da Civic da Corolla na shekarun 2000, saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora ta Amurka, tana da binciken kyauta na motocin da kamfanonin inshora suka ba da rahoton an sace ko sun lalace. Motar da ta fito daga Kanada kuma a duba ta a shafin CPIC na 'yan sandan ƙasar. Satar manyan motoci daga Kanada zuwa Afirka ta Yamma abu ne sananne. A 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Najeriya.

Sannan ka rubuta lambar kawai a Google. Kaso mai yawa na tokumbon Amurka daga gwanjon Copart ko IAAI suke, kuma hotunan ranar gwanjo sukan zauna a intanet. A nan za ka ga motar kafin fanalbita ya taɓa ta: inda ta bugu, ko jakar iska ta fashe, da abin da mita ke nunawa a ranar.

Rahoton tarihin mota da ake biyan kuɗinsa, Carfax ko AutoCheck, ka saya da kanka, kada ka karɓi wanda aka turo maka, don gyara irin wannan takarda a kwamfuta ba wuya. Abubuwa huɗu ake nema a ciki. Na farko matsayin takardar mallaka: Salvage na nufin inshora ta ga gyaran bai cancanci kuɗinsa ba ta sallama motar, Rebuilt an gyara ta bayan haka, Flood ruwa ya ci ta. Motar Salvage da aka buga ta baya aka gyara da kyau tana iya yin shekaru tana aiki, matuƙar an saye ta a farashinta. Ta ambaliya kuwa, a ra'ayinmu, a bar ta ko nawa aka rage, don wayoyi da kwamfutocinta a hankali suke ruɓewa, yau wannan fitila gobe waccan. Bayan kowace babbar guguwa a Amurka, irin Harvey ta 2017 da Ian ta 2022, irin waɗannan motoci sukan cika gwanjo. Ka tabbatar da hannunka: ka ja bel har ƙarshe ka ga ko akwai tabon ruwa, ka duba tsatsa a ƙarafan ƙasan kujera da busasshen taɓo a ramin safaya.

Na biyu tafiya. Rahoton Amurka da mil yake, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne, wato mil 150,000 ya kai kusan kilomita 240,000. Idan rahoto ya nuna mil 180,000 shekara biyu da suka wuce, yau kuma dashbod na nuna 92,000, an juya mita. Na uku, launi da injin da kayan ciki su dace da motar da kake kallo. Na huɗu, ranar shigarwa ta ƙarshe. Motar da ke Kano tun bara amma rahotonta ya nuna an canja mata mai a Tekzas watan jiya, lambar wata motar aka sa mata, mai lambar na asali yana can yana hawan abarsa. Rahoto mai tsabta kuma ba ya nufin ba ta taɓa hatsari ba. Abin da aka kai rahoto kawai yake nunawa, kuma bai san komai ba daga ranar da motar ta hau jirgin ruwa.

Takardun gida

Ka shimfiɗa takardun a kan bonet, takardar da ka kwafi lamba tana hannunka. Na kwastan su ne farko: takardar SGD, wato ta bayanin kayan da aka shigo da su, mai ɗauke da lambar da ake kira C-number, takardar ƙiyasin kuɗi, rasit ɗin banki, da takardar fita daga tasha. Lambar shasi, ƙira da shekara su dace da motar a kowace. Takardar kwastan ta gaskiya amma ta wata motar, ko wadda aka rage wa shekara, ba za ta cece ka ba idan jami'ai suka tare ka a hanyar Kaduna ko Lakwaja. Ko su riƙe motar ko ka biya cikon kuɗin fito. Kada ka yarda da kallon hatimi. Ka kai C-number da shekarar biya da sunan tashar da aka biya zuwa ofishin kwastan a duba a kwamfutarsu; hedikwatocin shiyya suna Legas, Kaduna, Fatakwal da Bauci. Ka kuma tuna cewa daga 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce ta biyo ta Kwatano ko Maraɗi a wannan zamanin tana buƙatar ƙarin tantancewa.

Idan motar ta riga ta yi rajista a Najeriya, sai a ƙara da lasin mota, takardar shaidar mallaka, ta lafiyar mota, da inshora. Lambar faranti ana duba ta a shafin NVIS na hukumar FRSC a ga ko irin motar da aka yi wa rajista ke nan, inshora kuma a shafin NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya. Rajistar CMR ta 'yan sanda ita ce wurin duba ko an kai rahoton sata a cikin gida. Sunan da ke kan takardu ya zama na mai sayarwa, ko kuma a nuna maka takardar cinikin da ta haɗa shi da mai sunan.

Kuskuren harafi ɗaya a lasin mota abu ne da ke faruwa, magatakarda ya buga 8 a maimakon B. Maganinsa mai mota ya koma ofishin lasin a gyara kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Lambar injin kuma daban take da ta shasi. Canja injin ba baƙon abu ba ne a nan, amma ka nemi rasit ɗin sabon injin, ka kuma sa a gyara lambarsa a takardu.

A takardar ciniki a rubuta lambar shasi cikakkiya, duka 17, da lambar injin, da shekarar ƙira kamar yadda gurbi na 10 ya nuna, da abin da mita ke nunawa a ranar. Mai sayarwa da shaidu biyu su sa hannu, a haɗa da kwafin katin shaidarsa da lambar wayarsa. Kuɗin kuma ta banki za a tura, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar, a rubuta alƙaluma shida na ƙarshen lambar shasin a wurin bayanin turawa.